Yarona mai lalurar Down yana zaunewa a hanya, yana tuɓe takalmi: ƙiwuya ce ko ciwo?

Tambaya daga wata uwa a Mabera, cikin garin Sakkwato:

"Assalamu alaikum likita. Yarona shina da shekara 7, tun yana jinjiri aka ce muna lalurar Down gare shi. Tahin ƙafarshi a shimfiɗe yake. In mun hita ba ya nisa sai shi zauna ƙasa shi ƙi tashi, takalmi kuma ko an sa mishi sai shi tuɓe shi yar. Kakarshi ta ce ƙiwuya ce da shagwaɓa. Ga faso ya tsattsage mishi dunduniya. Akwai kuma ɗiyar ƙanwata mai shekara 4 da ta yi shawara tana jaririya, ita bisa yatsu take tahiya. Mi ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya su, ya ba ki ladan ɗawainiya.

Aikina gashi ne da motsa gaɓoɓi, abin da ake kira fisiyo, kuma yara masu jinkirin fahimta suna cikin waɗanda ake yawan kawo mana. Zan fara da maganar Kaka, Allah ya ƙara mata lafiya. Abin da ido ke gani ta faɗa: yaro ya zube a tsakiyar hanya, an lallashe shi ya ƙi, an yi tsawa ya ƙi. Amma ni duk yaro mai irin wannan lalura da ya riƙa zaunewa yana jifa da takalmi, ina ɗauka ciwo yake ji har sai na duba na tabbatar babu. Yaron da bakinsa ya buɗe sosai zai ce "Inna, takalmin nan na matse ni," a cire a duba, magana ta ƙare. Naki mai yiwuwa ba shi da kalmomin. An kuma lura cewa masu lalurar Down suna jin zafi kamar kowa, sai dai sukan yi jinkirin nunawa, kuma yakan yi musu wuya su nuna daidai inda ke musu ciwo. Sai ciwon ya fito ta hali: ƙin tafiya, neman goyo, kukan dare, fushi ba gaira ba dalili, cizon hannu, ƙin makaranta. Abin da ya fi cutar da yaran nan shi ne duk abin da suka yi sai a jingina shi ga lalurar, a ce ai haka yake. Ta haka ƙaya kan daɗe a tafin ƙafa har ta tara mugunya ba wanda ya sani.

Lalurar Down tana samuwa ne idan ƙunshin ƙwayoyin halitta na 21 ya zo uku maimakon biyu. Ba aikin iska ba ne, ba kuma wani abin da kika ci ko kika yi da cikinsa ba. Abu biyu daga cikinta suka shafi tambayarki: tsokarsa tana da laushi, jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓinsa kuma suna da saki. Ƙashi 26 ne a kowace ƙafa, daga dunduniya zuwa yatsu, kuma jijiyoyin nan ne ke riƙe da su har tsakiyar tafin ya ɗago daga ƙasa. In sun saki, kamar gadon igiya ne da aka daɗe ba a ja ba, da an ɗora nauyi sai tsakiya ta sauka. Ƙari a kan haka, ƙafar yawancinsu gajera ce mai faɗi, da ɗan fili tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Ki riƙe maganar faɗin nan, za mu koma mata.

Kowane jariri da shimfiɗaɗɗen tafi yake zuwa, lanƙwasar tana bayyana ne sannu a hankali zuwa wajen shekara 6. A masu lalurar Down, yawanci a shimfiɗen yake ci gaba da zama, kuma wannan shi kaɗai ba abin tashin hankali ba ne. Ga yadda za ki gane irin nasa. Ki zaunar da shi a kujera ƙafafunsa na reto, ki dubi tsakiyar tafin. Ko ya dafa bango ya yi ɗage a kan yatsunsa. In lanƙwasar ta bayyana, ta ɓace da ya taka, to mai laushi ne, irin wanda aka fi sani. In kuwa a kowane hali a shimfiɗe yake kuma a sanƙare, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko yana janye ta in kin latsa, wannan sai likitan ƙashi ya gani, a ɗauki hoto. Ki kuma tsaya bayansa yana tsaye ba takalmi. Idan dunduniyar ta karkace waje, idon sawu ya faɗo ciki, gwiwoyi na neman haɗuwa, to kowane taku ya fi masa nauyi fiye da na sa'o'insa. Irin wannan gajiya gaskiya ce, ba shagwaɓa ba.

Gara in gaya miki tun yanzu, domin za ki gamu da masu talla: babu takalmin da ke gina lanƙwasar ƙafa ta zauna. Shimfiɗar da muke sawa cikin takalmi, ko ƙaramin kofin roba mai riƙe dunduniya da idon sawu, amfaninsu rage ciwo da gajiya da gyara tsayuwa muddin suna ƙafar. Wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne, amma sai an auna yaron, ba a saye ta waya. Tiyata kuwa ba safai ake kaiwa gare ta ba. Abin da ke ƙarfafa ƙafar ba ya cin kuɗi: tafiya ba takalmi a kan rairayi mai tsabta cikin gida da sanyin safiya, ɗage a kan yatsu yana ɗauko abu daga sama, hawa matakala, buga ƙwallo, tsintar ƙyalle da yatsun ƙafa a matsayin wasa.

Kafin in bar maganar gajiya, akwai abu biyu da ba a ƙafa suke ba amma suna sa yaro zaunewa. Kusan rabin jariran da ake haifa da lalurar Down suna zuwa da matsalar zuciya. In yana haki idan ya zauna, ko leɓɓansa na yin duhu, ko ba a taɓa yi masa hoton zuciya ba, a yi. Na biyu ƙwayar tayiroyid ta maƙogwaro, wadda aikinta kan yi rauni a yaran nan, shi ya sa ake so a gwada jininsu duk shekara. Rauninta na kawo kasala, bushewar fata, ƙiba da taurin bayan gida. Kin ambaci yawan zaunewa, kin ambaci faso, don haka ni da zan gan shi sai na nemi a yi gwajin.

Yanzu takalmi, wanda ina zaton nan ne rabin matsalar take. Special Olympics, ƙungiyar wasannin masu jinkirin fahimta da Eunice Kennedy Shriver ta kafa a Amurka a 1968, tana da shirin duba ƙafafun 'yan wasanta, kuma cikin abubuwan da ake yawan tararwa akwai takalmin da bai dace da ƙafa ba. In haka ne ga masu horarwa da masu kula, ina ga yaron da mahaifinsa ya tafi kasuwa da tsinken tsintsiya a aljihu? Tsinke tsawo kawai yake aunawa. Ƙafar yaronki kuwa matsalarta faɗi. Sai a sami ɗayan biyu: ko takalmin ya yi daidai a tsawo ya matse shi a gefe, ko a ƙara lamba biyu don faɗin ya shiga, ƙafar ta riƙa yawo a ciki yana tuntuɓe. Haɗa da al'adarmu ta sayen babba don ya kai Sallah biyu, da gadon takalmin yaya wanda ya riga ya lanƙwashe bisa ƙafar wani.

Ki sami kwali, ki tsayar da shi a kai da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, nauyinsa a kan ƙafafun biyu. Ki zagaye kowace ƙafa da biro a tsaye, ki ƙara santimita 1 zuwa 1 da rabi a gaban yatsan da ya fi tsawo, ki yanke. Wannan za a kai kasuwa, in ba za a iya zuwa da shi ba. A zura kwalin cikin takalmin, in gefensa ya naɗe, takalmin ya yi masa siriri, a ajiye shi komai kyansa. A matsa bayan takalmin da yatsu, ya zama mai tauri da zai riƙe dunduniya. A lanƙwasa shi, ya lanƙwashe a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Ya kasance da maɗauri, mai mannewa ya fi sauƙi don ya koyi sawa da kansa. Ƙasansa kuma ya yi kaurin da ƙaya ba za ta huda ba.

Silifas mai tsinke tsakanin yatsu ba na yaron nan ba ne, sai dai shiga banɗaki. Filin da ke tsakanin yatsunsa ya sa ba ya kama shi, sai ya riƙa ƙanƙame yatsu don kada ya fice, ga dunduniya a buɗe tana shan ƙura. Rufaffen takalmin roba kuma a zafin garin nan gumi yake tarawa. Abin da na fi so ga yawancinsu shi ne sandal na fata mai rufaffiyar dunduniya da maɗauri biyu. A nan mun yi sa'a, domin Sakkwato garin fata ne, fatar jar akuyarmu ta yi suna har ƙetare, kuma dukawa na nan da ransu. Ki kai wa baduku kwalin nan ya yanka a kansa. Ki ce masa kada ya buga ƙusa a ƙasan, ɗinki ya koma waje, ciki ya sa fata mai laushi, bayan kuma ya yi shi da tauri. In na gwanjo za a saya, a duba kada ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya, a wanke a shanya a rana. Duk bayan wata 3 ko 4 ki sake gwada ƙafar da takalmin, domin zai yi masa kaɗan bai gaya miki ba.

In an gyara duk wannan ya ci gaba da tuɓewa, to wataƙila jin abu a fatarsa ne ke damunsa, wanda aka fi gani a yara masu lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, amma ba su kaɗai ba. A fara da minti kaɗan a cikin gida, a yaba masa, a riƙa ƙarawa. A juya safa ɗinkin ya koma waje. Duka ba ya koya masa komai sai tsoron takalmin.

Dalilin da ya sa na nace shi ne ƙasar da yake takawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato kan haura digiri 40, rairayi da siminti da kwalta kuwa sun fi iska zafi nesa ba kusa ba, sukan kai 60. Wani yaron in ya taka sai ya ruga inuwa. Mai jinkirin fahimta yana iya tsayawa a wurin yana kuka, ko ma ya yi shiru, har tafin ya tashi. In kin hau kabu-kabu da shi, ki lura da salansa da kuma wayoyin taya, domin ƙafar da ke reto takan shige, kuma raunin dunduniya da ke biyo baya yana daɗewa bai warke ba. Ga ƙarangiya da tsidau, ga fasasshiyar kwalba da tsohuwar ƙusa. Ki duba katin rigakafinsa ki tabbatar ya sami allurar nan ta mako 6 da 10 da 14, wadda ke ɗauke da kariya daga cutar sarƙe-haƙora, kuma duk ranar da ƙusa ta huda shi a je asibiti ko da ramin ƙarami ne. Da damina ƙasa mai laima tana ɗauke da tsutsar da ke shiga ta fatar ƙafa ta zauna a hanji tana shan jini. Da hunturu kuma wuta ce abin tsoro, musamman ga mai farfaɗiya, wadda ta fi yawa a yara masu jinkirin fahimta. Kada a bar shi shi kaɗai gaban garwashi. Kuma kada a kanga ƙafar yaro a wuta don ya farfaɗo daga jijjiga: ba ta tsayar da ita, ƙuna kawai ake ƙara masa. Kowace safiya a kakkaɓe takalmi saboda tsakuwa da kunama.

Faso yana jin magani in an dage. Da dare ki jiƙa ƙafar cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar minti 10, bayan kin gwada ruwan da gwiwar hannunki. Ki goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ki tsane, ki shafa man kaɗanya ko basilin da kauri, ki sa masa safar auduga ya kwana da ita. In kaushin ya yi kanta sosai, akwai mai mai sinadarin yuriya a kemis. Reza kada ta kusanci dunduniyarsa. Na san ana sa lalle don faso, abin da ya sa ba na so a nan shi ne yana rufe launin fata, ja ko kumburi ya fara ba ki gani ba. In tsagar ta yi zurfi tana jini, ko gefenta ya yi ja da zafi, ko tana ruwa, ta wuce gida.

Man nan kada ya shiga tsakanin yatsu, can bushewa ake so. In kin ga wurin ya yi fari ya jiƙe yana saɓulewa, cin ruwa ne, kuma man kulotirimazol safe da yamma na mako 2 zuwa 4 yana kashe shi. Ki guji mayukan haɗi da ake cewa suna maganin komai, akwai sitiroyid a cikinsu, ƙaiƙayin zai lafa amma cutar ta bazu. Farce kuma a yanke shi miƙe bayan wanka, kada a bi kusurwa ana ƙwaƙula, nan ne yake komawa ya shige nama. In ba ya yarda, a yi yana barci, ko yatsa biyu yau biyu gobe. A saya masa abin yankansa shi kaɗai. Almakashin masu yawon yankan farce yana bin hannu da yawa, kuma ciwon hanta na iya bi ta nan.

Tunda ya kai shekarun koyon salla, ga dama ta samu. Ki mai da alwalar magariba lokacin duba ƙafa: ana wankewa ana tsettsefe yatsu, kina kallon tafi da dunduniya da gefen farce, kina kwatanta dama da hagu, kina taɓawa ki ji ko wani wuri ya fi zafi, sannan ya tsane da tawul da kansa. Yaran nan suna riƙe abin da ake yi kullum a lokaci ɗaya a wuri ɗaya. In yana zuwa makaranta, ko ta yara masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji ko ta unguwa, ki roƙi malaminsa ya sanar da ke ranar da ya ga yana ɗingishi ko ya ƙi fita wasa.

Ɗiyar ƙanwarki lamarinta daban ne, kuma ya fi nasa gaggawa. Shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, haka ma doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka da wuri ba, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Abin da kan biyo baya shi ne tsoka ta riƙa ɗaurewa ko ta riƙa motsin da yaro bai yi niyya ba. In tsokar sha-raɓa ta ɗaure sai ta ja agara, dunduniya ta ɗage. Yara da yawa kan yi tafiyar yatsu lokacin koyon tafiya su bari, amma a shekara 4, da tarihin shawara, dole likitan yara ya gan ta, a kuma gwada jinta, domin shawara na taɓa ji. Ba duk mai wannan lalura ke da jinkirin fahimta ba, wasu kaifin basira gare su, jiki ne kawai ba ya ba su haɗin kai.

Ƙashi na tsawo, ɗaurarriyar tsoka ba ta bin sa, shi ya sa jira ke ɓata lamarin. Yau dunduniyar na sauka in an danna, nan da wasu shekaru ta ƙi sauka ko da hannu. Matakan su ne miƙa tsokar kullum yadda za a nuna wa uwar, gwiwa a miƙe, a riƙe dunduniya a tura tafin sama a hankali kamar daƙiƙa 30, ba fizga. Takalmin roba da ake ƙerawa bisa ma'aunin ƙafarta daga ƙasan gwiwa zuwa yatsu. Wani lokaci filasta da ake sauyawa mako-mako. In ta riga ta ƙage, tiyatar tsawaita agara. In an ba ta takalmin, a sa doguwar safar auduga a ciki, kuma duk jan tabon da ya wuce minti 20 zuwa 30 bayan cirewa bai ɓace ba, a mai da shi a gyara. Kada a kai ta wurin mai ɗori, ba karaya ba ce, kuma ɗauri mai tsanani na iya tsayar da jini. Tsaga, da gasa ƙafa da tafasasshen ruwa, su ma ba sa sassauta tsokar.

Akwai alamun da ba a kwana da su, a kan yaran biyu. Zazzaɓi tare da ƙin taka ƙafa, domin yana iya zama ƙwayar cuta a ƙashi ko gaɓa, balle in akwai sikila. Ƙafa ta kumbura ta yi ja, ko yatsu su yi sanyi su sauya launi. Ƙafa ta saki tana jan ƙasa bayan allura a ɗuwawu. Ga yaronki musamman: in tafiyarsa ta sauya haka kawai, yana faɗuwa, yana karkata wuya ko ya ƙi juya shi, ko ya koma fitsarin wando bayan ya daina, to a duba ƙasusuwan saman wuyansa, domin sakin jijiyoyin nan har can yake kaiwa. Haka in ciwon ƙafa ya haɗu da ɗashewa da tabon taruwar jini a fata, a gwada jini a ranar, saboda sankarar jini ta fi yawa a masu lalurar Down. Ɗingishi da nuna gwiwa kuma sau da yawa daga ƙugu yake, a ce wa likita ya duba shi.

Ƙwararrun da aikinsu ƙafa kaɗai ba su da yawa a Najeriya, don haka ta sashen yara za ku fara, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na jiha, daga nan a tura ku fisiyo da likitan ƙashi. Akwai asibitin ƙashi a Wamakko, in kuma aiki ya yi girma akan tura mutane Dala a Kano. Ku tafi da katin rigakafi, da duk maganin da suke sha, da tsohon takalmin kowannensu, domin yadda ƙasansa ya cinye yana nuna mana yadda yaro ke taku. Ki kuma ɗauke su bidiyo a waya suna tafiya ba takalmi a tsakar gida, ta baya da ta gefe, domin da yawansu in sun shiga ɗakin likita ba sa yarda su yi ko taku ɗaya.